Sigarin lantarki ƙarami mai ɗurin ruwa: wanne zan saya in rabu da taba?

Sani Direba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin. Na daɗe ina shan taba, kusan kwali guda a rana, in ina kan hanyar Legas ma ya fi haka. Yanzu tarin asuba ya sa ni gaba, uwargida kuma ta gaji da warin kaya da na ɗaki. Wani abokin aikina ya bar taba ta hanyar sigarin lantarki ɗan ƙarami, wanda ake ɗura wa ruwa da hannu, ba na sha-ka-yar ba. Na shiga shago aka zube min kala-kala, mai shago kuma kowanne na taɓa sai ya ce shi ne mai kyau. Don Allah wanne zan ɗauka, wane ruwa zan zuba, kuma yaya ake kula da shi?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Malam Sani, Allah ya ba ka lafiya, amma ni gaskiya raina ba ya son a riƙa tallan abin nan a zauren nan. Akwai matasa a cikinmu. Kwanakin baya aka tsinci guda a jakar wani yaro abokin ɗana, ɗan sakandare, uwarsa ta ɗauka abin ajiyar hotunan kwamfuta ne saboda ƙanƙantarsa. Ƙanshin mangwaro yake, ba wanda zai ce taba ce. In za ka bari, ka bari gaba ɗaya.

Auwalu Birmingham: Hajiya, maganarki a kan yara gaskiya ce, ba mai musu. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da abin nema a nan, yaro ne ko babba. Amma Malam Sani mutum ne da ke ƙona kara ashirin a rana. In muka yi shiru, gobe ma ashirin ɗin zai ƙona. Bari in ba shi abin da na sani, don ni ta nan na fita.

Malam Sani, abu na farko: kada ka zaɓa da ido. Ka zaɓi wanda kwansonsa yake samuwa a garinku. Kwanso shi ne ɗan tankin da ke sama, wanda masu shago ke ce wa fod, a cikinsa ruwa yake, da wayar da ke zafi, da audugar da ke tsotso ruwan. Shi ne ke mutuwa, galibi mako ɗaya zuwa biyu. Jikin na'urar kuwa yana iya shekara ko fiye. In ka sayi wani baƙon samfuri mai kyan gani, ranar da kwanso ya ƙone ka zaga shaguna ba ka samu ba, a daren nan za ka tsaya wajen mai tireda ka sayi kara biyu.

Waɗanda suka yi suna a wannan aji su ne XROS na kamfanin Vaporesso, da Caliburn na Uwell, da Xlim na Oxva. Duk daga Shenzhen ta China suke fitowa, kamar kusan duk sauran. Ni XROS nake riƙe da shi. Abin da ya ja ni gare shi shi ne kwanson yana shiga yawancin samfuran XROS, tsoho da sabo, ba ka wahalar nema.

Sani Direba: Na gode ƙwarai Malam Auwalu. Mai shagon ya tambaye ni wai 0.6 nake so ko 1.0, na yi tsaye ina kallonsa. Mene ne wannan?

Auwalu Birmingham: Lambar wayar da ke cikin kwanson ce, koyil, ana auna ta da ohm. In lambar ta yi ƙasa, kamar 0.6, wayar ta fi zafi, tururi ya fi yawa, iska ta fi wucewa, ruwa da batir kuma su fi saurin ƙarewa. In ta yi sama, 1.0 ko 1.2, zuƙar takan yi tsauri, ka tara a baki sannan ka tura ƙirji, yadda ka saba yi da sigari. Kai da ka fito daga taba, ka fara da 1.0 ko 0.8. Ba gajimare kake nema ba, kwaɗayin nikotin kake son kashewa.

Sai yadda ake zuƙa. Sigari ana fizgarsa da ƙarfi, wannan kuwa a hankali ake ja, dogon ja mai laushi. In ka fizga, ruwa zai hau bakinka, na'urar ta fara ƙarar kurɓa.

Famasis Kabiru: Salamu alaikum. Na ga ana shiga zancen na'ura kafin a gama zancen jiki. Malam Sani, tarin nan ya kai mako biyu? In ya kai, ka je a duba majinarka kafin komai. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Kada a ɗora wa taba laifin abin da ba nata ba ne kaɗai.

Game da sigarin lantarki kuwa, ga yadda zancen yake. Abin da ya fi kisa a taba shi ne ƙonewar ganyen: kwalta da iskar kabon monoksayid da dubban sinadarai da wuta ke fitarwa. Nikotin shi ne ke kama mutum ya hana shi bari, yana kuma ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Na'urar nan ba ta ƙona ganye, ruwa take dumamawa, shi ya sa gubar da ke fita daga cikinta ta yi ƙasa da ta sigari nesa ba kusa ba. Amma ba iskar Allah ba ce. Wani mai haɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin ta zamani a 2003. Ka ga ke nan ba a kai ga ganin mutumin da ya shekara arba'in yana zuƙarta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya har yau ba ta ba da shawarar ƙasashe su ɗauke ta a matsayin maganin barin taba ba, hukumomin lafiya na Ingila kuwa suna ba masu shan taba shawarar komawa kanta. Saɓanin yana nan.

Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2019 ya raba mutum 886 gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin kuwa kashi 9.9. Amma a cikin waɗanda suka bari ta hanyar na'urar, kashi 80 cikin ɗari suna nan suna zuƙarta a ƙarshen shekarar. Dukkan rukunan biyu kuma an haɗa musu da zaman ba da shawara na mako-mako, ba a sake su haka ba.

Maman Ummi: To ka ji abin da nake faɗa. Takwas cikin goma suna nan a ɗaure, igiyar kawai aka canza.

Famasis Kabiru: Haka ne Hajiya, a ɗaure suke da nikotin, kuma ni ma burina Malam Sani ya kai ranar da zai ajiye duka. Sai dai huhun wanda ya daina shaƙar hayaƙin ƙona ganye ya samu sauƙi babba, ko da nikotin bai sake shi ba tukuna. Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne a bar sigari kwata-kwata. Wanda ke zuƙar na'ura a gida, ya kunna kara a tasha, kusan bai tsinana wa zuciyarsa komai ba, don ko kara ɗaya a rana yana ɗaga haɗarin ciwon zuciya sosai. Mai ciwon zuciya da mace mai ciki kuma su ga likita kafin su taɓa kowane irin nikotin.

Sani Direba: Famasis na ji, tarin ya wuce mako biyu, zan je in sha Allahu. To ruwan fa? Na ga kwalabe an rubuta 20, wasu 35, wasu 50. Mai shago ya ce 50 ne na manya.

Auwalu Birmingham: Kada ka saurare shi. Lambar nan miligiram ɗin nikotin ne a kowane mililita. Nan Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da shi a 20, kwanso kada ya wuce mililita 2, kwalbar ruwa mai nikotin kuma kada ta wuce mililita 10. Masu 50 ɗin nan, da ake rubuta wa kashi 5 cikin ɗari, salon kasuwar Amurka ne tun zamanin da wani sigarin lantarki mai suna Juul ya yi tashe. Ka lissafa da kanka: kwanso ɗaya mai mililita 2 in ka cika shi da 50, miligiram 100 ke nan. Mutum ya zo neman rage kamu, a ƙara masa.

Mai kwali guda a rana, 20 ya ishe shi, irin wanda suke kira gishirin nikotin. Shi wannan ya fi laushi a maƙogwaro, yana kuma saurin kwantar da kwaɗayi. Ɗayan nau'in, na asali, in ya kai 18 yana karce wuya, an fi jin daɗinsa a 6 ko 12. In ka ji jiri, ko tashin zuciya, ko ciwon kai, ko shaƙuwa, ya yi maka yawa, ka ajiye, ka sauka zuwa 10.

Ka duba jikin kwalbar kuma, za ka ga PG da VG, sinadarai biyun da ake haɗa ruwan da su. VG gilisarin ne, mai kauri, PG kuwa tsinkakke ne, shi ke ɗauke da ɗanɗano. Ƙaramar na'ura rabi da rabi take so, 50/50. Masu 70 na VG na manyan na'urori ne, audugar kwansonka ba za ta iya tsotsarsa da sauri ba, sai ta bushe ta ƙone.

Malam Idi Limami: Assalamu alaikum. Na bi muhawarar nan tun farko, bari in sa baki a ɓangaren da na sani. Malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan haramcin taba saboda cutarwarta ga jiki da ɓarnar dukiya, suna kafa hujja da hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Wasu sun tsaya a karahiya. Wannan na lantarki, in mutum ya ɗauke shi don ado ko yayi, hukuncinsa bai yi nisa da na taba ba a wajen mafi yawansu. Amma akwai ƙa'ida a fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu in ba makawa sai ɗaya. In likita amintacce ya ce wannan ya fi sauƙi, niyyar Sani kuma ita ce ya taka shi ya fita, ban ga dalilin da za mu kore shi daga zaure ba. Mu taimake shi ya fita. Abu ɗaya dai ya sani: yana karya azumi kamar yadda sigari ke karyawa, kada wani ya ce masa ai tururi ne.

Bello Kwari: Allah gafarta Malam, ni tsorona shi ne kowa zai ce niyyarsa fita ce, shekara biyar kuma yana nan. Ina ganinsu a kasuwa, na'ura a wuya kamar carbi.

Malam Idi Limami: Tsoronka a kan hanya yake, Bello. Shi ya sa zai fi kyau Sani ya sa wa kansa lokaci, ya kuma gaya wa iyalinsa lokacin, su riƙa tuna masa.

Ɗan Farm Centre: Ni gyaran waya nake yi, ana kawo min irin waɗannan na'urori in sun daina caji, don haka zan yi magana a kan batir. Yaya Sani, batirin litiyam ne a ciki, irin na waya. Na mAh 900 zuwa 1000 (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa) zai kai ka yini in ba ka matsa masa ba. Ka ɗauki mai bakin caji irin na wayoyin yanzu, USB-C, don igiyarsa tana ko'ina.

Abin da ke kashe su a nan ƙasar zafi ne. Kai direba ne, kada ka taɓa barin ta a gaban mota ƙarƙashin gilashi da rana, musamman a watan Afrilu da Mayu. Zafi yana cinye ran batir, yana iya kumbura shi, ruwan kuma yana tsinkewa ya yi yoyo ya shiga cikin jikin na'urar. Yawancin waɗanda ake kawo min, ba batir ne ya mutu ba, ruwa ne ya gangara ya jiƙa wurin da kwanso ke zama, ko ya toshe ɗan ramin da ke jin zuƙa. Kullum in za ka ɗura ruwa, ka zare kwanso, ka goge ƙasansa da cikin ramin da tishu. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika bakin caji, a sa tsinken sakace a fitar a hankali, ban da allura.

Caji kuwa, ƙaramin kai na yau da kullum ya isa. Kada ka jona ka kwanta barci, kada ka jona a lokacin da ake tayar da janareta ko wuta na rawa. In ka ga jikinta ya kumbura, ko tana zafi ba ka taɓa ta ba, ka daina amfani da ita nan take.

Sani Direba: Allah ya saka da alheri ƙanina. Jabu fa? Yaya zan gane?

Ɗan Farm Centre: Manyan kamfanonin nan suna manna takarda a jikin kwali mai wurin kankarewa. Ka kankare a gaban mai shago, ka shiga shafin kamfanin a intanet ka sa lambar. In ya hana ka, ka fita. Kwalin kwanso ma yana da ita, kuma a kwanso aka fi yin jabu don shi ake saye kullum.

Famasis Kabiru: Jabun na'ura asarar kuɗi ce, jabun ruwa kuwa a huhu yake sauka, shi na fi jin tsoro. Kada ka sayi ruwan da aka ɗura a kwalba marar suna, ko wanda wani ya ce shi ya haɗa a gida. Kada ka zuba komai da ba don na'urar aka yi shi ba, ban da turare, ban da zuma, ban da kowane irin mai. A 2019 an yi annobar ciwon huhu a Amurka, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, mutum 68 suka rasu. Da aka bi diddigi, babban abin da aka kama shi ne wani mai, bitamin E asitet, da 'yan bayan fage ke gauraya wa ruwan wiwi don ya yi kauri. Huhu ba ya jure mai. Sannan akwai masu zuba kayan maye a ruwan su miƙa wa mutum ya ɗana. Kai da ke riƙe da sitiyari da rayukan mutane, kada ka karɓi na kowa a tasha, kada kuma ka ba wani naka.

Maman Ummi: Tun da dai kun ƙi ji, to ga sharaɗina. Malam Sani, kana da ƙananan yara? Kwalaben nan launinsu da ƙanshinsu kamar alewa. Ka kulle su inda hannun yaro ba ya kai, kuma kada su gan ka kana busawa. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma wa ke tambayar shekaru a shagunan nan? Gida ne kaɗai katangar da ta rage.

Famasis Kabiru: Wannan sharaɗin nawa ne ni ma. Kurɓi kaɗan na ruwa mai ƙarfi yana iya halaka ƙaramin yaro. In ya faru, asibiti kai tsaye tare da kwalbar, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada kuma a sa shi amai.

Sani Direba: Ina da uku Hajiya, na ɗauki alkawari. A akwatin mota zan kulle, ba zai shiga ɗaki ba.

Ɗan Farm Centre: Akwatin mota yana zafi Yaya. Ka samu ƙaramin akwati mai kwaɗo a saman kabad, inda ke da inuwa.

Sani Direba: 'Yan'uwa na dawo. Na sayi XROS da kwanso 1.0 da ruwa mai 20, na kankare lamba ta fito daidai. Amma zuƙar farko wani ƙauri na ji kamar an ƙona tsumma, har yanzu kuma bai daina ba. Ko an cuce ni ne?

Auwalu Birmingham: Ba a cuce ka ba, ɗurawa ka yi ka zuƙa nan take. Sabon kwanso audugarsa a bushe take. In ka ɗura, ka rufe, ka tsayar da shi minti biyar zuwa goma ta sha ruwa. In ta ƙone sau ɗaya ba ta dawowa, wannan kwanson ya tafi, ka ɗauko ɗayan da ke cikin kwalin. Kada ka cika shi fal, ka bar ɗan wuri a sama. Kada kuma ka bari ruwa ya sauka ƙasa da ramukan da kake hango auduga ta cikinsu. Tsakanin zuƙa da zuƙa ka ɗan dakata, auduga ta sake jiƙa. Ruwa mai zaƙi sosai ma yana saurin baƙanta waya, in kana son kwanso ya daɗe ka ɗauki na na'ana'a ko wanda zaƙinsa bai yi yawa ba.

Kwanakin farko za ka ji maƙogwaro na bushewa, ka yawaita shan ruwa. Sannan sigari yana ƙarewa ya ce maka tashi, wannan ba ya ƙarewa, sai ka wayi gari yana hannunka tun safe har dare. Ka ɗauko shi a lokutan da ka saba kunna kara, ka yi 'yan zuƙa, ka mayar aljihu. In ka yi wata biyu ko uku ba ka taɓa sigari ba, ka sauka 10, daga nan 5. Kada ka yi gaggawar sauka, wanda ya sauka da wuri shi ne ke komawa wajen mai tireda.

Bello Kwari: Me ya sa ba zai sayi na sha-ka-yar ba ya huta da duk wannan ɗawainiya?

Auwalu Birmingham: Don da yawa daga cikinsu 50 ne, ba ka da ikon rage ƙarfi, kuɗinsu kuma in ka tara na wata ya ninka na ruwa da kwanso. Kowane ɗaya da batirin litiyam a ciki ake jefarwa. Nan Birtaniya an hana sayar da su tun 1 ga Yunin 2025, saboda shara da kuma yadda yara suka raja'a a kansu.

Alhaji Tanko Fagge: Tambaya ɗaya, ni ma na koma kansa, kuma ina yawan tafiya fatauci. Yaya ake yi da shi a jirgi?

Auwalu Birmingham: Alhaji, a jakar hannu ko aljihu, ba a sa shi a kayan da ake aunawa saboda batir, ba a zuƙa ko caji a cikin jirgi. Ka zare kwanso ka sa a leda, don canjin iska a sama yana sa shi yoyo. Kafin ka tashi kuma ka bincika dokar ƙasar da za ka. Indiya ta haramta shi tun 2019, Tailan da Singafo ma sun haramta, ana ƙwacewa a ci tara.

Ɗan Farm Centre: Wanda na'urarsa ta mutu kuma don Allah kada ya jefa ta a bola. Ana cinna wa bola wuta, batirin yana fashewa, yara kuma suna tsince-tsince a wurin. A kai wa mai gyaran waya ya cire batirin ya haɗa da matattun da yake tarawa. Tsohon kwanso kuma a naɗe shi a leda a ɗaure kafin a zubar, don akwai sauran ruwa a cikinsa.